Eka Ɗayar Orval Pruitt

Idan ka tambayi mutanen kwarin nan namu, cikin tsaunukan kudancin jihar Mizuri, ko wane ne Orval Pruitt, ba wanda zai ce maka shi ne ya yi shekara goma sha tara a masana'antar takalmi har ranar da aka rufe ta. Ba kuma wanda zai tuna cewa ya tuƙa motar 'yan makaranta shekara ashirin da biyu bai taɓa ko kwarzane ta ba. Cewa za su yi, "Au, mai kuloba?" su yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa mutumin kirki da ya ɗora wa kansa wahalar da ba wanda ya aike shi.

Eka ɗaya ce tak, a can ƙuryar gonar Pruitt, inda makiyaya ta ƙare daji ya fara. Ta ɓangare uku itatuwa ne suka kewaye ta, ta ɓangare na huɗu kuma shingen waya ne ya raba ta da shanun yayansa Harlan. A gefenta na ƙasa akwai maɓuɓɓugar da ba ta taɓa ƙafewa, ko a shekarar da rafi ya koma duwatsu. A cikin wannan eka Orval yake shuka kuloba, ɗan ganyen nan mai kunne uku da farin fure, wanda ba ya wuce idon sawu. Ba don sayarwa ba, ba don shanu ba. Don bareyi ne, da talotalon daji, da zomaye, da duk wani abin da ya ga damar fitowa daga daji da yamma ya ci ya koma ba ko godiya.

Yadda ekar ta zama tasa kowa ya sani, domin an maimaita labarin a bakin coci har ya gaji. Mahaifinsu ya bar wa Harlan gonar gaba ɗaya, eka ɗari da sittin, saboda a ganinsa gonar da aka raba biyu ba za ta ciyar da kowa ba. Harlan ne babba, shi ne kuma ya zauna da shanu lokacin da Orval ya tafi gari neman albashi. Amma wata biyu kafin tsohon ya rasu, ya kira su barandar gida, yana lulluɓe da bargo cikin watan Mayu, ya nuna ƙuryar da hannu. Orval ya riga ya fara shuka kuloba a wurin tun shekara biyu baya, don kawai ya sami dalilin zuwa gida ranar Asabar.

"Wancan wurin na Orval ne muddin yana riƙe da shi da kuloba," in ji tsohon. "Ranar da ciyawa ta cinye shi, Harlan, ka cire shinge ka saki shanu. Kun ji?"

Suka ce sun ji. Ya sa su suka yi musabaha a gabansa. Ba takarda, ba lauya. A wajenmu irin wannan magana ta fi takarda nauyi, domin takarda ana iya mantawa da ita a cikin akwati, maganar mamaci kuwa tana zaune da kai a teburin cin abinci. Orval yana da shekara talatin da shida a ranar. Da ya san abin da kalmar "muddin" za ta ci masa, da wataƙila ya roƙi agogon tsohon kawai.

Wanda bai taɓa riƙe kuloba ba yana tsammanin watsa iri ake yi a koma gida. Kuloba halitta ce mai kunya. Kowace ciyawa a duniya ta fi ta tsawo, ta fi ta sauri, ta fi ta rashin mutunci. Ka ɗauke ido wata ɗaya, sai ka tarar an yi mata rumfa an hana ta rana.

Shekarar Orval tana farawa ne a Fabrairu, da sassafe, lokacin da ƙasa ta daskare ta tsattsage. Ya rataya jakar iri a wuya yana tafe yana juya hannun injin watsawa da ke jikinta, ƙwayoyin suna faɗawa cikin tsagar, in rana ta narkar da ƙanƙarar ƙasa ta rufe su da kanta. A Afrilu dogayen ciyayi masu siririn ganye sukan taso, sai ya goya tankin feshi a baya, da maganin da ke kashe su ya bar kuloba. Wannan tanki ba ya ba kowa aro, ba ya kuma karɓar aron na kowa, don ya san ragowar maganin makiyaya cokali ɗaya ya isa ya yi masa ɓarnar shekara. Masu faɗin ganye su ne ciwon kai, tunda abin da zai kashe su zai iya taɓa kulobar. Su sai yanka. Ya ɗaga wuƙar injin yankan ciyawa sama, ta aske kawunan ciyayin kafin su yi iri, ta wuce ta saman kulobar ba ta taɓa ta ba. Sau uku a shekara, wani lokaci huɗu. In an yi fari ba a yanka, don rana za ta ƙone na ƙasa. In an shiga Yuni kuwa ba ya tayar da injin sai ya taka ekar da ƙafa, layi bayan layi, da sanda a hannu, saboda barewa takan ɓoye ɗanta a cikin ganyen, shi kuma ɗan ba ya gudu ko da wuƙa ta zo kansa. Sau ɗaya ya yi gaggawa bai taka ba, a shekararsa ta huɗu. Bai taɓa ba wa kowa labarin abin da ya gani a bayan injin ba, sai matarsa Nelda, ita ma sau ɗaya.

Sauran kuma sai hannu. Akwai wata mai doguwar saiwa kamar karas, in ka tsinke ta a tsakiya ta fito biyu. Akwai mai ƙaya da iska ke kawo irinta daga gonakin maƙwabta. Akwai zarangade, akwai jiji a gefen maɓuɓɓuga. Waɗannan Orval yakan durƙusa musu da ɗan ƙarfen tono da bokiti, daga wannan kusurwa zuwa waccan, in ya kai ƙarshe ya waiwayo ya ga farkon ya sake cika. Haka ya yi shekara talatin da ɗaya. Gwiwoyinsa a nan ya bar su.

To, me yake samu? A da yakan harbi barewa ɗaya a Nuwamba, Nelda ta cika firji da nama, su ci har bazara. Amma shekara shida ke nan rabonsa da ya ja kunamar bindiga. Yakan dai ɗauke ta, ya hau 'yar rumfar da ya kafa a kan itace, ya ajiye ta a cinya, ya yi ta kallo. Akwai wata tsohuwar barewa mai tsagaggen kunne da ta shekara takwas tana kawo 'ya'yanta wurin. In ta fito takan ɗaga kai ta dubi rumfar, ta ci gaba da kiwonta. Ta san shi sarai, kuma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba.

Harlan ma haka. Ya girme shi da shekara biyar, ƙato ne mai jan wuya, wanda bai iya magana a hankali ba ko a wajen jana'iza. Duk Agusta in rafi ya ƙafe, sai ya ɗora tankin ruwa a bayan a-kori-kura ya yi ta jigila wa shanu, safe da yamma, alhali ga maɓuɓɓuga can bayan shinge tana kwarara wa bareyi kyauta. Bai taɓa cewa a cire shingen ba. Maganar Baba ce. Amma bakinsa ba wanda ya sa wa shinge. In ya biyo ta wurin ya ga ƙanensa durƙushe, sai ya tsayar da mota ya zuro gwiwar hannu ta taga.

"Sannu da aiki, makiyayin bareyi! Yaya garken? An yi tatsar safe kuwa?"

"Wuce ka ba ni wuri, Harlan."

"Na ga wata mai ƙaya can ta fi ka tsawo. In kira shanuna su taya ka?"

"Shanunka su ci tasu. Ai naka filin ne ke aiko min da irin."

"To, Allah ya ba da lada. In bareyin sun biya ka albashi ka saya min kofi."

Ya ja mota yana dariya. Haka suke gaisawa tun suna da baƙin gashi. Ba gaba suke yi ba, kowace Lahadi bayan coci tare suke cin abinci. Amma a tsawon shekarun nan Harlan bai taɓa tsallaka shingen ya cire ko ciyawa ɗaya ba, Orval kuma bai taɓa roƙonsa ba. Kowa yana jiran kowa, kuma dukansu sun san abin da ake jira.

Gaskiyar da Orval bai faɗa wa kowa ba ita ce ya gaji. Ba gajiyar da barci ke magani ba. Tun wajen shekara biyar, in Afrilu ta zo ya ga ƙasa ta fara kore, maimakon murna sai ya ji gabansa ya faɗi. Nelda ce kaɗai ta gane, domin ita ke jin nishinsa in zai sa takalmi.

"Orval Pruitt," takan ce masa, kuma in ta haɗa sunan biyu to ba wasa, "babanka ya shekara talatin a ƙasa yana hutawa, kai kana sama kana rarrafe. Wa ya fi wani wayo?"

"Wurin nan kaɗai nake da shi a gonar da aka haife ni."

"Na sani. Ni dai so nake in ka mutu a binne ka da ƙafafu."

A watan Maris na bana likita ya ce gwiwar dama ta ƙare, sai an sa ta ƙarfe. Aka yi aikin. Orval ya yi sati takwas tsakanin gado da kujera, yana koyon tafiya daga ɗaki zuwa kicin, yana leƙen taga yana lissafin abin da ke tsirowa ba shi. Feshin Afrilu ya wuce shi. A sati na biyar Harlan ya shigo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, yana murza ta kamar wanda ya zo neman aure.

"Na ɗan leƙa maka wurin naka," ya ce.

"Ka je ka ga ko lokaci ya yi?"

"Kai dai bakinka bai yi ciwo ba. Taki na zuba maka. Na kwashe na inda shanu suka ci ingirici duk lokacin sanyi, ya ruɓe ya yi baƙi. Tirela huɗu. Nawa filin ma bai sami irinsa ba bana." Ya mayar da hular kansa. "Kada ka tashi ka tarar abin ya rame, ka ce don kana kwance ne na ci ka da yaƙi."

Duk mai kuloba ya san ba a ba ta takin shanu. Ita ke yi wa kanta abincinta a saiwa, taki kuwa ciyawa yake ƙara wa ƙarfi. Amma Harlan mutumin shanu ne, a wurinsa ba cutar ƙasa da taki ba ya warkarwa. Kuma tirela huɗu ba wasa ba ne ga ɗan shekara saba'in da biyu, yini guda ne cur a kan tarakta. Orval ya dubi yayansa, wanda ke kallon bango don kada su haɗa ido.

"Na gode, Harlan," ya ce.

"To, ya isa. Kada ka yi min kuka."

Tsakiyar Mayu Nelda ta kai shi wurin a mota, ya sauka da sanda. Ciyawa ta yi tsawo ta yi kore shar, wannan ya zata. Ya ce a ransa yanka biyu da feshi ɗaya za su gyara. Sai da ya sunkuya ya buɗa ciyawar da sandar ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ganyen kulobar ya nannaɗe ya koma kamar ƙananan cokula, sabbin tohon sun murɗe sun yi siriri. Ya matsa gaba, haka. Ya je tsakiya, haka. Ba ƙwari ba ne, ba fari ba ne, ruwa ma an yi shi isasshe. Ya yi yankan, ya yi feshin, da gwiwar ƙarfen da komai. Kafin Yuni ta raba, kulobar ta koma ruwan ƙasa ta kwanta.

Ya cusa ɗan ganye da ƙasa a leda ya kai ofishin malaman gona a gari. Wata mata mai suna Darla ce ta karɓa, ta juya ganyen a tafin hannu, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Mista Pruitt, ka zuba taki a wurin?"

"An zuba."

"Shanun da suka yi takin, ingiricin da suka ci, an yi wa filinsa feshin ƙaya?"

Duk kwarin ya san Harlan ya fesa wa filayen ingiricinsa sabon magani bara, yana ta alfahari a shagon kayan gona cewa ko ƙaya ɗaya ba ta rage ba.

Darla ta yi masa bayani a taƙaice. Akwai irin maganin da ba ya taɓa ciyawa, ba ya cutar da saniya, amma yana bin ingirici ya shiga cikinta ya fita cikin kashi da ƙarfinsa. In takin ya sauka a kan wake ko tumatir ko kuloba, sun tafi. An rubuta gargaɗin a jikin takardar maganin, in ji ta, amma da ƙananan baƙaƙe, kuma ba kowa ke karantawa ba. Ƙasar takan ɗauki shekara, wani lokaci fiye, kafin ta sake karɓar iri. In yana so ya tabbata, ya shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya da ƙasar wurin, ɗaya da ƙasar bayan gida, ya jira sati uku.

Gwangwanayen kofi biyu suka zauna a tagar kicin. Na hagu, mai ƙasar bayan gida, ya fito da ganye shimfiɗaɗɗe. Na dama ya fito a dunƙule kamar hannun jariri, ya ƙi buɗewa. Nelda tana wanke kwanuka a gabansu kullum, ba ta buƙaci a yi mata fassara ba.

A cikin makonnin nan Orval ya yi mugun zato, ba zan ɓoye ba. Ya ce a ransa, mutumin da bai taɓa tsallaka shinge ba shekara talatin da ɗaya, sai da na kwanta? Ya yi ta juya abin har abinci ya daina yi masa daɗi. Amma duk lokacin da ya kai ƙarshen zaton, sai ya tuna da hular nan da ake murzawa a bakin ƙofa. Ya san yayansa. Harlan ba ya iya ɓoye ko kyautar Kirsimeti. Kuma Nelda ta ji a coci cewa tumatirin matar Harlan ya lalace bana gaba ɗaya, tana ta zargin mai sayar da iri. Takin wuri ɗaya ne.

To, ga abin da ke gabansa, a fili. In ya ɗauki gwangwanin dama ya ajiye a gaban Harlan, ekar ta tsira. Ba ciyawa ce ta ci ta ba, taki ne ya kashe ta, kuma Harlan mutum ne da ba zai taɓa shingen ba in ya san haka, ko da zai yi jigilar ruwa har ranar mutuwarsa. Sai a jira ƙasa ta warke a sake daga farko: iri a Fabrairu, tanki a Afrilu, bokiti da ƙarfen tono, yana ɗan shekara sittin da tara ko saba'in. In kuwa ya yi shiru, duk mai ido zai ga ciyawa har ƙugu ba kuloba ko ɗaya, kuma maganar Baba ta cika.

Lahadin farko ta Yuli a gidan Orval aka ci abinci. Nelda ta yi soyayyar kaza da wake da burodin masara. Kafin baƙin su iso, Orval ya ɗauki gwangwanayen biyu ya fita bayan gida, ya juye su cikin kwandon shara, ya dawo ya goge tagar da tsumma. Nelda tana kallonsa, cokali a hannu.

Harlan bai yi ba'a ba ranar, wanda hakan ya fi ba'ar ciwo. Ya ci abincinsa a hankali. Da matan suka shiga kicin, 'yan'uwan suka fita baranda.

"Na bi ta wurin jiya," in ji Harlan.

"Ka gani ke nan."

"Na gani. Ban gane ba, Orv. Da takin nan na ɗauka zai yi kyan da bai taɓa yi ba." Ya sosa wuya. "Ko na zuba da yawa ne?"

"Takin ba ruwansa."

"Ka tabbata?"

"Ni nake durƙusa wa wurin nan shekara talatin da ɗaya, ba kai ba. Feshin Afrilu ne ya wuce ni. Ciyawa ta samu sarari ta rufe ta, shi ke nan. Da ma ta daɗe tana jirana."

Harlan ya sauke ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki. Sannan ya ce, "To ai rashin lafiya ce. Ba a ƙirga wannan. Ka sake shukawa baɗi, ni ban ga komai ba."

"Baba bai ce ban da rashin lafiya ba."

"Kai, rabu da ni da Baba! Ni nake gaya maka."

"Ni kuma ina gaya maka na gaji, Harlan. Ka cire shingen kafin Agusta, ka huta da jigilar ruwan nan. Kai ma ba yaro ba ne."

Wani kare yana haushi can gidan maƙwabta. Daga ƙarshe Harlan ya miƙo hannu, ƙaton hannun nan mai kaushi, suka yi musabaha karo na biyu a rayuwarsu.

"Rumfar taka ta kan itace ba zan taɓa ta ba," ya ce.

"Bar ta ta ruɓe da kanta."

Da baƙin suka tafi, Nelda ta fito da kofi ta zauna kusa da shi. Ta bari ya sha rabi.

"Kalma ɗaya ce, Orval. Da ka faɗa, da wurin yana hannunka."

"Na sani."

"To don me? In gajiya ce, ka ce min gajiya ce, ba zan yi maka dariya ba."

"Akwai gajiyar," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba, da na ga waken nan ya dunƙule, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Har kunyar kaina na ji." Ya juya kofin a hannu. "Amma ba ita kaɗai ba ce. Nelda, mutumin nan tunda aka haife ni bai taɓa ba ni komai ba. Ko keken da ya gaji da shi sayar min ya yi. Abu ɗaya ya taɓa ba ni, tirela huɗu. In je in ce masa guba ce?"

Nelda ta karɓi kofin daga hannunsa, duk da bai gama ba, ta riƙe hannun maimakonsa.

An cire shingen sati biyu bayan haka. Shanun suka shiga suka cinye ciyawar cikin kwana huɗu, suka tattake gefen maɓuɓɓugar ya zama taɓo. Agustan bana ba a ga tankin ruwa a bayan motar Harlan ba. A bakin coci mutane suka ce ai da ma an san za a rina, tsufa ya kama mai kuloba, ciyawa ta yi nasara. Orval ya ji su, ya gyaɗa kai, ya ce haka ne.

Yanzu yana barci har rana ta fito. Tankin feshin yana rataye a rumfar mota, ya wanke shi sau uku kamar kullum kafin ya rataye, ko da yake ba abin da zai sake fesawa. Gwiwar ta warke sarai, tunda ba a durƙusawa a kanta. Ranar Asabar ce dai ta zame masa doguwa. Yakan gyara abin da bai lalace ba, ya bi Nelda kanti yana tura mata keken kaya, har ta ce ya fi mata sauƙi lokacin da yake rarrafe a daji.

Ranar da aka buɗe farauta a Nuwamba, da la'asar, ya ɗauki makullin mota. Bai ɗauki bindiga ba. Ya tsaya inda shingen yake a da, ya sauke murfin bayan motar ya zauna a kai. Shanu goma sha biyu suna kwance a tsakiyar ekar suna tuƙa. Sanyi ya fara sauka, ya zuge rigarsa har wuya.

Rana na gab da faɗuwa tsohuwar mai tsagaggen kunne ta fito daga cikin itatuwa, da 'ya'ya biyu a bayanta, ta hanyar da ta saba. Ta tsaya a bakin filin. Ta sunkuyar da kai ta shinshina ƙasa, ta matsa taku uku ta sake shinshinawa. Sannan ta ɗaga kai ta dubi rumfar kan itacen, ta daɗe tana duban ta. Ba kowa a ciki. Ta juya, 'ya'yan suka bi ta, daji ya rufe su.

Orval ya zauna har duhu ya fara hana shi ganin shanun. Da ya sauko zai shiga mota, ƙafarsa ta taɓa wata mai doguwar saiwa a gindin taya, ta baje ganyenta, ta yi ƙiba da taki. Kafin ya ankara ya riga ya sunkuya ya kama ta a wuya. Ya tsaya a haka, a sunkuye, hannunsa a kanta. Sannan ya sake ta, ya goge hannun a wando, ya shiga mota ya tafi gida.